Yadda Aka Gyara wa Baffa Busarsa

Baffana, ƙanen mahaifina, ya shafe rayuwarsa yana busa saksofon, dogon ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasasshen baki da maɓallai rututu. Jaz ake ce wa irin kiɗan da yake yi. Ya ƙirƙiri kiɗe-kiɗe masu yawa da kansa, amma yau in ka ce in kunna maka ko guda ɗaya ka ji, ba ni da shi, kuma babu mai shi. Ba gobara aka yi ba, ɓarawo bai shiga ba. Mutanen da ke girmama shi ne suka yi wannan aika-aikar cikin ladabi, har yau kuma gani suke alheri suka yi masa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, raina a ɓace.

Ni akawu ne, na saba raba abin da na gani da abin da aka faɗa mini. Farkon rayuwar Baffa ji na yi daga bakinsa da bakin mahaifina. Ƙarshen kuwa ina wurin.

Kakanmu tela ne, ya so duk 'ya'yansa su gaji keke. Baffa ya ƙi, ya shiga aikin ɗan sanda yana saurayi. Da aka ga faɗin ƙirjinsa sai aka tura shi cikin 'yan badujala, masu busa da kiɗa a wajen fareti. A can ya koyi karanta rubutun kiɗa, a can kuma ya tsinci wani tsohon saksofon a sito, ya yi tsatsa, ɓeraye sun cinye fatun da ke toshe ramukansa. Ya gyara shi da fatar tsohon takalmi. Mai dafa wa manyan hafsoshi abinci yana da faya-fayen jaz da wani maigidansa ya bar masa, Baffa yakan zauna a bayan kicin yana saurare, har ya haddace su, sannan ya fara gina nasa a kai.

Matsalarsa da Sajan ɗin badujala a wajen fareti ta faro. Kowa yana shigowa daidai da bugun ganga, shi kuwa sai ya ɗan dakata, ya shigo a baya kaɗan, ya kuma lanƙwasa sautin.

"Kai!" in ji Sajan. "Ƙafafunka sun san lokaci, bakinka ne bai sani ba?"

"Ya sani, Oga. Gaisawa yake tsayawa yi."

An sa shi tsallen kwaɗo har ya gaji, an hana shi hutu, bai daina ba. Daga ƙarshe ya ajiye kaki, Sajan ya bar masa ƙahon don ya rabu da su gaba ɗaya.

Daga nan ya koma wani babban otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Na san zauren, don ya sha kai ni ranar Lahadi da yamma ina ɗan makaranta: fankoki a sama suna juyi kamar ba sa so, dandamalin katako mai ƙara in an taka, fiyano da aka tokare ƙafarsa guda da bulo. Su huɗu ne. Akwai Gajere mai ganga, wanda bakinsa ya fi gangarsa ƙara. Akwai Tica, malamin firamare da ke kaɗa fiyano. Akwai Dogo, mai babbar jitar nan da ake tsayarwa a ƙasa a rungume. Da safe Baffa yana zagaya makarantu yana gyara musu ƙahonin fareti, da wannan ya ciyar da Inna, matarsa, da 'ya'yansu.

A dangi kuwa abin kunya aka ɗauke shi. Duk wata haɗuwa da za a gabatar da shi ga baƙo, sai a ce, "Ga ƙanenmu, tsohon ɗan sanda ne." Mutum ya bar aiki tun gashinsa baƙi wuluk, har ya yi furfura ana kiransa da aikin da ya tsana, don kawai kada a ce mabushi ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taka zauren nan ba ko sau ɗaya.

Dole in bayyana yadda Baffa ke aiki, domin a nan abin ya ɓaci. Idan ya ƙirƙiri kiɗa, 'yan layuka kaɗan yake rubutawa a takarda, shi ne abin da suke kira kan kiɗan. Da shi ake farawa, da shi ake rufewa. Duk abin da ke tsakiya a take ake yin sa, kamar hira: Tica ya faɗi wani abu da fiyano, Baffa ya amsa, Gajere ya tsoma baki. Ba ya maimaita na jiya. Sannan yana da halaye guda uku da duk wanda ya san busarsa zai gane shi da su ko ta bayan katanga. Yana shigowa bayan ganga, da gangan. Ba ya faɗa wa sauti kai tsaye, sai ya taso masa daga ƙasa da muƙamuƙinsa, ya ɗan karkata shi, kamar muryar mutum mai shirin kuka ya fasa. Kuma kafin sautin ya fito sai ka ji iskar numfashinsa tana wucewa ta cikin ƙahon, shuuu, sannan sautin ya biyo.

"Tun muna samari nake jiran mutumin nan a hanya," in ji Gajere. "Ko ranar tashin kiyama sai an gama hisabi zai iso."

"Kai dai riƙe mini ƙofa," in ji Baffa. "Aikinka ke nan."

Ba wanda ya taɓa ɗaukar su a faifai. Sau da yawa an yi musu alkawari, ba a cika ba. Da aka sayar da otal ɗin, sabon mai shi ya sallame su, ya ɗauko mutum ɗaya da wani allon kiɗa na lantarki mai ganga a cikinsa. Suka koma haɗuwa a garejin Tica, tsakanin tsofaffin tayoyi da buhunan siminti. A garejin nan Baffa ya gina babban aikinsa, kiɗa guda da ya fi rabin awa, wanda ya yi shekaru yana sassaƙawa. Bai sa masa suna ba, Mai Tsawo kawai suke ce masa.

Sai haƙora suka fara. Mai busa saksofon da haƙoransa na gaba na sama yake danne bakin ƙahon, su ne ke riƙe komai. Na Baffa suka fara girgiɗi, dasashinsa ya kumbura, yana zubar da ruwa. Ni na kai shi wurin likitan haƙori. Likitan ya duba, ya ce duk na saman sai an cire, kuma ba da daɗewa ba, don ciwon na iya shiga jini. Baffa ya tambaye shi ko da haƙoran roba za a iya busa. Likitan ya ce a shekarunsa, da yadda ƙashin ya zaizaye, kada ya sa rai.

A cikin mota muna komawa, da muka kusa gida, ya dafa kafaɗata.

"Akawu," ya ce, don haka yake kirana, "ba za a taɓa bakin nan ba sai an ɗauki Mai Tsawo."

Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce zai kashe kansa a kan tagulla. Ya ƙi. Yana kurkure baki da ruwan gishiri, yana cin abu mai laushi, kumatunsa guda ya fi guda.

A nan zan yi wa Auta adalci, ɗansa na ƙarshe, mai aiki a kamfanin talla. Shi kaɗai a 'ya'yan ya tashi tsaye. Ya samo situdiyo a saman wani shagon tayil, wurin wani abokin aikinsa da kowa ke kira Injiniya, magidanci mai iyali, wanda ake yabon hannunsa wajen haɗa waƙoƙin talla. Muka je ranar wata Asabar da hantsi, ni ke ɗauke da akwatin ƙahon, Dogo da Auta suna kokawar hawo da babbar jita ta matsattsiyar matakala. Ɗakin an manne bangonsa da soso, akwai gilashi a tsakiya, Injiniya yana ɗaya gefen da kwamfutarsa. Har ƙasa ya durƙusa ya gai da Baffa.

Ya kawo wani abin sawa a kunne ya miƙa wa Gajere, ya ce zai riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas a ciki don kada lokaci ya kuɓuce masa.

"Ɗana," in ji Gajere, "ni ne ƙas-ƙas ɗin. Kai wa mai buƙata."

Injiniya ya yi murmushi ya janye. Suka fara. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba, ba fannina ba ne. Abin da na gani shi ne Tica ya rufe ido tun daga tsakiya bai buɗe ba har aka gama, Auta kuma yana ta duba wayarsa. Akwai wani wuri da kowa ya yi shiru, sai numfashin Baffa kaɗai ke tafiya cikin ƙahon, har na zaci ƙarfinsa ne ya ƙare, sai ga sautin ya taso. Da suka rufe, ya zare ɗan tsinken gorar da ake ɗaurawa a bakin ƙahon, ya yi ja da jini.

"Baba, a sake ɗauka?" in ji Injiniya ta cikin lasifika. "Akwai 'yan wurare."

"A sake me? Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka, Baba."

"To an gama."

Cikin satin aka cire haƙoran. Baffa ya kwanta jinya da fuska a kumbure, amma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar lokacin ba. Har tsokanar Inna yake yi, wai yanzu ta samu jariri a gida.

Da ya warware, Auta ya kira mu mu je mu ji. Muka sake hawa matakalar nan, Baffa da Gajere da ni. Baffa yana riƙe da hankici a bakinsa, don bai saba da a gan shi haka ba. Injiniya ya jera mana kujeru, ya kawo lemo mai sanyi, ya kunna.

Kan kiɗan ya fito tas. Ni da farko ban gane komai ba, na dai ji kamar abin da ake sa wa mutum a waya in an ce ya dakata. Gajere ne ya fara motsi a kujera.

"Wane ne wannan mai gangar? Injin niƙa kuka ɗauko?"

Baffa ya sauke hankicin. Maganarsa ta canja tun da aka cire haƙoran, iska na fita ta gaba, amma kowa ya ji shi.

"Tsayar. Wa ya busa wannan?"

"Ku ne, Baba," in ji Injiniya yana fara'a.

"Ban taɓa busa wannan ba."

Sai Injiniya ya juyo da fuskar kwamfutar, ya shiga nuna mana aikinsa da alfahari. Ga layuka a tsaye kamar na takardar lissafi. Ya ce duk inda Baba ya makara, ya jawo sautin ya ɗora shi daidai kan layi, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Duk inda sauti ya karkace, ya miƙar da shi. Hucin numfashin nan ya bi shi ya tsince kaf. Wuraren da aka yi shiru ya yanke su. Gangar ma ya daidaita ta. Tsakiyar da ta yi tsawo, inda a cewarsa kowa ya kama gabansa, ya rage ta don mai saurare kada ya gaji. Ya ce bai taɓa shan wahalar aiki irin wannan ba, ya ajiye ayyukan mutane saboda shi.

"Ba laifinku ba ne, Baba," ya ce. "Girma ne, ga kuma ciwo. Ba wanda zai ji wannan ya san kuna da lalura."

"Ni na ce ya yi, Baba," in ji Auta. "Na ce a rufa maka asiri. Ka san mutane da baki."

Gajere ya miƙe tsaye. "Asirin uwar wa? Kai, yaron nan, tun kana cikin zani ubanka ke makara! Da makarar aka biya maka makaranta!"

Na ce su dakata, abin mai sauƙi ne. A ajiye wannan gefe, a kunna mana na asali, wanda aka ɗauka ranar Asabar. A ofishinmu ko kwafi ɗari aka yi ba a taɓa takardar asali, na ɗauka ko'ina haka ne.

Injiniya ya dubi Auta. Auta ya dubi ƙasa.

"Yaya," Auta ya ce mini, "mun goge shi."

Ba kuskure ba ne, ba wuta ce ta ɗauke ba. Shawara suka yi su biyu. Yara da yawa suna shiga situdiyon, suka ji tsoron kada wata rana wani ya kwashi na asalin ya watsa a waya, a riƙa yi wa tsoho dariya ana cewa ga shi yana haki yana ɓata kiɗa. Don haka da aka gama gyara, suka share shi daga kwamfutar, suka share daga inda ake ajiyar ko-ta-kwana. Na tambaya ko akwai hanyar dawo da shi. Injiniya ya ce an riga an ɗora wasu ayyuka a wurin. Na sake tambaya ta wata fuskar, amsar ba ta canja ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ba wanda ya tambaye shi. Gidan Baffa ba nisa, yana kwance yana shan ruwan ɗumi, da waya a gefensa. Kalma ɗaya ta isa: Baba, nan da gangan ne? Amma a wurinsu rashin kunya ne ka nuna wa babba inda ya kasa. Gara ka bi bayansa ka share, ka zo kana murmushi. Ladabin da ya hana su tambaya bai hana su sa hannu a aikin da mutum ya ba da haƙoransa a kai ba.

Baffa ya daɗe yana kallon layukan nan. Sannan ya ce, "Wannan ma goge shi."

"Haba Baba!" in ji Auta. "Shi kaɗai ya rage fa. Ko ba komai jikoki za su ji."

"Su ji wa?"

"Su ji ka mana."

"Ba na ciki. Ka nemo mutumin da ya busa wannan ka kai musu shi, ya zama kakansu."

Ni ma na sa baki. Na ce Baffa, ko kan kiɗan ne a bari, naka ne, kai ka rubuta. Ya juyo ya dube ni.

"Akawu, in aka kawo maka takarda da sunanka a ƙasa, ba kai ka sa hannu ba, me kake kiranta?"



Injiniya ya ce shi dai a ganinsa asara ce, aikin ya yi kyau, wasu da ya kunna wa sun yaba. Baffa ya tashi ya zagaya bayan teburin, ya tsaya a kansa, hankicin a dunƙule a hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai sauka daga benen nan ba sai ya ga an share da idonsa. Ya sa ni na matso in duba, don shi bai san kan na'urar ba. Injiniya ya share ina kallo. Baffa ya miƙa wa Auta hannu, don shi ma yana da kwafi a waya.

"Na wayarka."

"Baba..."

"Na wayarka, na ce."

Auta ya share, ya fice ya bar mu. Muka sauko, Gajere yana zagi tun daga sama har bakin titi, mai shagon tayil ya fito yana tambaya ko lafiya.

Daga baya an yi wa Baffa haƙoran roba. Ya gwada ƙahon a garejin Tica, haƙoran suka zame, iska ta riƙa fita ta gefe, abin da ya fito ko ɗan koyo ba zai yarda da shi ba. Ya mayar da shi akwati. Dogo ya rasu a shekarar da ta biyo. 'Yan layukan da Baffa ya rubuta suna nan wurin Tica, amma Tica ya ce duk wanda ya ɗauke su zai busa abin kansa ne, ba na Baffa ba.

Auta ya yi watanni bai taka gidan ba. Yanzu yana zuwa, suna gaisawa, ba a tayar da zancen. A wajen dangi kuwa labarin ya riga ya zauna: yaro ya yi ɗawainiya, tsoho mai taurin kai ya watsa masa ƙasa a ido. Na ji wata gwaggonmu tana faɗin haka da kunnena, na ce mata ba haka aka yi ba, ta ce in bar tone-tone. Injiniya yana nan, aikinsa sai gaba yake yi, in mun haɗu yakan ce in gai da Baba.

Baffa yana raye. Yana zama a ƙofar gida da rediyo, labarai kawai yake ji, da an sa kiɗa sai ya murɗa. Kwanakin baya na tambaye shi ko yana da-na-sanin sa a goge na biyun.

"Ranar Asabar ɗin kana wurin?" ya ce.

"Ina wurin."

"Ka ji?"

"Na ji."

"To me kake nema kuma?"

Na ji ɗin, gaskiya ne, amma ni ko fito da baki ban iya ba. Watannin farko in na zauna shiru a ofis ina iya bin kiɗan a kaina har wajen tsakiya. Yanzu farkon kawai nake kamawa, shi ma ban tabbata ba ko na Baffa nake tunawa ko na Injiniya.